Gyaran Rim ɗin Mota a Tsakar Gida

Yawancin motocin da muke hawa a Kano, su Camry da Corolla 'yan Kwatano, da rim ɗin alminiyom suke zuwa. Shi ke fito da kyan mota, amma ba ya jure gugar siminti. Kana matsawa bakin kwalbati za ka yi fakin sai ka ji ƙiiir, ka sauko ka tarar leɓen rim ya yi kaca-kaca kamar ɓera ya gaigaye shi. Irin wannan rauni ni a gida nake gyara abina, da kayan da ake samu a Ƙofar Ruwa ko wajen masu sayar da fentin mota.

Da farko a kwance ƙafar, a wanke ta ciki da baya da omo da buroshi. Baƙin dattin nan da ke manne mata garin birki ne, kuma fenti ba ya zama a kansa. In ta bushe a fito da ita haske a duba ta sosai. A nan ba na sassauci. Karce aikin gida ne. Amma in akwai tsaga, komai sirantarta, ko rim ya lotsa bayan faɗawa rami, ko taya tana satar iska, to a kai wa masu aikin ko a sauya shi. Rim ɗin ƙarfe lanƙwasa yakan yi, na alminiyom kuwa ya fi saurin tsagewa. Raina yana ɓaci in na tuna masu cike tsaga da fila su fesa fenti, su sayar wa bawan Allah da zai ɗebi iyalinsa ya hau titin Kaduna.

Samfefa ce ke cin yawancin lokacin. Lambar da ke bayanta tana nuna kaushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi. Da 180 nake kwantar da tsinin karcen. Inda ya yi rami sai fila. Ana kwaɓa ta da ɗan maganin da ke daskarar da ita, kusan kashi 2 cikin 100, kuma cikin 'yan mintoci take kamewa, don haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa. Bayan rabin awa a goge da 240, a bi da 400 ana yayyafa ruwa, sannan a bi fuskar rim ɗin duka da 600 har ƙyallin tsohon fenti ya mutu. Kada ka yarda da idonka a nan. Shafa ɗan yatsa a wurin. Duk tudun da yatsa ya ji, fenti zai tona shi.

Don kare taya, tsofaffin katunan karta nake jerawa tsakanin roba da leɓen rim, ɗaya kan gefen ɗaya har su zagaye. Bakin iska a naɗe shi da salatif. Wuri biyu fenti ba ya taɓawa: bayan rim inda yake zama a jikin mota, da mazaunin noti. Fentin da ya shiga nan yakan murƙushe daga baya, noti ya saki.

Feshi ya fi kyau da safe, a inuwa, ranar da babu iska. Ranar da ƙurar hunturu ta sauko a haƙura. Nakan yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, in sa takunkumi, in kori yara. A girgiza gwangwani minti biyu, a riƙe shi nesa kamar taƙi guda. Firaima ta fara, irin wadda aka rubuta tana kama alminiyom, sai launi, sai kiliya mai ba da ƙyalli. Kowanne shafi biyu ko uku marasa kauri, da hutun minti goma tsakani. Mai gaggawa shi ke cika hannu, fentin ya zubo ya yi hawaye. Kuma a fese fuskar rim ɗin gaba ɗaya, domin da wuya ruwan azurfa na gwangwani ya dace da na kamfani.

A bar shi ya kwana kafin a mayar. Noti a ɗaure su a gicciye, ba a jere ba. Ƙarfin ɗaurin noti da Toyota ta sa wa Camry da Corolla shi ne Nm 103, ba sai an hau sifana da ƙafa ba. Bayan tafiyar kilomita 50 a sake bin notin, kuma a gaya wa masu wankin mota su ɗaga wa ƙafar nan har mako guda.