Mai Ciki Ba Ta Shan Taba, Amma Hayaƙin Maigida Fa?

Duk ranar 31 ga Mayu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware don yaƙi da shan taba, sai ka ji ana nanata gargaɗi ga masu juna biyu cewa su guji sigari. Gargaɗin gaskiya ne, sai dai a ƙasarmu an kai saƙon gidan da ba nasa ba. Binciken da aka yi kan manya a Nijeriya a 2012 ya nuna kimanin maza 7 cikin 100 ne ke busa taba, mata kuwa ba su kai ko 1 cikin 100 ba. Ke nan hayaƙin da ke isa ga ɗan da ke ciki, galibi daga bakin ubansa yake fitowa.

Illar a taƙaice ita ce, sinadarin nikotin yana matse jijiyoyin jini, gubar iskar da ke cikin hayaƙin kuma tana kama gurbin iska mai kyau a jinin uwa. Sai abin da ke ratsa mabiyiya zuwa ga ɗan tayi ya ragu. Daga nan ake samun ɓari, da haihuwar bakwaini, da jariri wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba.

Sanin cewa hayaƙin miji na cutar da matarsa ba jiya aka same shi ba, kuma tarihinsa ya cancanci a tuna. A 1981 wani likita ɗan ƙasar Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa sakamakon bibiyar matan aure sama da dubu 90 waɗanda ba sa shan taba, tsawon shekara 14. Japan ta wancan lokaci ta dace da wannan bincike, domin yawancin mazanta na shan taba, matan kuwa ƙalilan ne. Ya gano cewa matan mashaya sun fi mutuwa da kansar huhu a kan matan da mazajensu ba sa sha, kuma gwargwadon yawan karan da miji ke zuƙa, gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Kamfanonin taba suka yi masa ca, suka kashe kuɗi don ɓata binciken, amma binciken da ya biyo baya ya gaskata shi. Aikinsa na cikin abin da ya share fagen dokokin hana shan taba a bainar jama'a, irin wadda Nijeriya ta kafa a 2015. Abin takaici, dokar ta kare fasinja a mota da ma'aikaci a ofis, amma ba ta yi wa matar aure tanadi na musamman ba a ɗakinta, inda aka fara gano matsalar.

Wani zai ce shi a bakin taga yake sha, ko a zaure. Gwamma hakan, amma hayaƙi na bin iska ya koma ɗaki, gubarsa kuma tana maƙalewa a riga da labule da shimfiɗa. Wani kuma zai ce hayaƙin murhu ya fi na sigarinsa yawa. Hayaƙin itace na da illa, babu musu, to amma wanda ya san matarsa na shaƙarsa a madafa, da wace hujja zai ƙara mata wani a kan gado? Masu shisha ma kada su ruɗi kansu, ruwan tulun ba ya tace guba, ga hayaƙin gawayi a kai.

Akwai matan da ke sha a ɓoye, kunya ta hana su faɗa wa ma'aikaciyar jinya. Wadda ta daina a watanni ukun farko ta kawar da mafi yawan haɗarin, amma da wuya ta iya muddin kwalin maigida na ajiye a gabanta. Don haka ya kamata asibitocinmu su riƙa tambayar duk wadda ta zo awo ko akwai mai shan taba a gidanta, in akwai a kira shi a yi masa bayani gaba da gaba. Malamai da ke karantar da haƙƙin iyali su sa wannan cikin huɗuba, tunda addini ya hana cutar da wani. Maigida kuwa, kada ka jira ranar suna ka nuna kai uba ne da ƙaton rago. Ka ajiye sigarin tun ranar da aka ce maka an samu ciki.