Shin Ko Kun San? Abubuwan Mamaki a Masallatan Tsohon Birnin Alƙahira

Shin ko kun san a tsohon birnin Alƙahira mutum na iya ratsa tarihin sama da shekara 1,000 tsakanin hantsi da la'asar? Ba a banza ake yi mata kirari da birni mai hasumiya dubu ba. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Kuma kowane masallaci da labarinsa: wani bakance ya gina shi, wani tsoro, wani kuwa gasar sarakuna. To ku biyo ni!

Mu fara da kakansu duka. Masallacin Amru bin Asi, sahabin da ya ci Masar da yaƙi, an gina shi tsakanin 641 da 642. Shi ne na farko a duk ƙasar. Girmansa a lokacin? Mita 29 a tsawo, 17 a faɗi, shi ke nan! Ginshiƙansa kututturen dabino, daɓensa tsakuwa, hasumiya kuwa babu. An yi ta rushewa ana faɗaɗawa, har yau ba a iya nuna tubali ɗaya na ginin farko. Ana ba da labari cewa kurciya ce ta yi sheƙa a kan tantin Amru, ya hana a taɓa shi, daga baya aka yi masallacin a gurbinsa.

Kun taɓa ganin hasumiyar da matakalarta ke waje? Ku je masallacin Ibn Tulun, wanda aka kammala a 879. Matakala ta nannaɗe jikin hasumiyar, mai hawa na zagayawa iska na kaɗa masa riga, gari kuma na ƙara buɗewa a ƙarƙashinsa. An kwaikwayo ta ne daga Samarra ta Iraƙi, inda mai masallacin, Ahmad bin Tulun, ya tashi. Filin masallacin ya kai murabba'in mita 26,000, wato ya fi filin ƙwallo uku! A ƙarƙashin rufin kuma akwai ayoyin Alƙur'ani da aka sassaƙa a katako, jerensu ya doshi kilomita 2. Kilomita fa, ba mita ba!

Ga wani abin. Masallacin nan ya taɓa zama kango. Wani jarumi mai suna Lajin, da ake nema ruwa a jallo saboda hannunsa a kisan sarki, ya ɓuya a ciki. Ya yi bakance in Allah ya kuɓutar da shi zai gyara wurin. Bai tsaya a kuɓuta ba, sarautar ma ya hau! A 1296 ya cika alkawari. Ƙubbar da ke tsakar masallacin yau aikinsa ce.

Sai Azhar, wadda malamanmu da yawa suka sha karatu a cikinta. An fara ginin a 970, aka gama a 972. Shin ko kun san ta shafe kusan shekara 100 ba a yi sallar Juma'a a cikinta ba? Tun zamanin Sarki Salahuddin aka dakatar da huɗuba, sai Sarki Baibars ya dawo da ita. Babbar ƙofarta kuwa Ƙofar Wanzamai ake ce mata, don a nan ɗalibai ke zama a yi musu aski. Ku ɗaga kai ku ga hasumiyar Sarki Ghuri: jiki ɗaya, kai biyu!

Namu ma ba baƙi ba ne a can. A cikin masaukan ɗaliban Azhar akwai na mutanen Borno. Tun kafin nan, wajen shekarun 1240, mutanen Kanem sun ba da kuɗi an gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, inda alhazansu da ɗalibansu ke sauka. Kusan shekara 800 ke nan!

Yanzu ku riƙe hula da kyau, mun iso masallacin Sarki Hasan. Ƙofar shiga kaɗai ta kai mita 38. Babbar hasumiyar ta haura mita 80. An fara aikin a 1356, kuma a ciki akwai makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata: Malikiyya, Shafi'iyya, Hanafiyya da Hambaliyya. Mai ginin kuwa yana ɗan shekara 13 ya fara hawa gadon sarauta.

Amma ƙarshensa ba daɗi. A 1361 wata hasumiyar masallacin ta rufto, masu tarihi suka ce ta hallaka mutum kusan 300. Jama'a suka fara raɗe-raɗin cewa mulki ya zo ƙarshe. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki aka kashe sarkin. Gawarsa? Ba a taɓa ganinta ba! Ga katafaren hubbaren da ya tanadar wa kansa, ga mai shi babu. Saboda tsayin ginin kuma, 'yan tawaye sun riƙa hawa rufinsa suna harbin fadar sarki, har wani sarki ya sa aka rushe matakalar shiga.

Dab da shi, lungu ɗaya tsakani, ga masallacin Rifa'i. In kun gan su sai ku rantse sa'o'in juna ne. Ina! Tazarar shekara 500 ke tsakaninsu, don an fara Rifa'i a 1869, aka gama a 1912. A cikinsa Sarki Faruƙ na Masar ke kwance. Kun san wa kuma? Sarkin Iran na ƙarshe, wanda ya rasu a Alƙahira a 1980!

Ku haura tudu zuwa ganuwar Salahuddin, wadda aka fara a 1176. Daga nan aka mulki Masar kusan shekara 700. A ciki akwai Rijiyar Yusuf mai zurfin kusan mita 90, an haƙa ta cikin dutse. Shanu ake gangarawa da su ta wata karkatacciyar hanya har tsakiyar rijiyar, su yi ta juya na'urar jawo ruwa. Shanu a cikin rijiya, jama'a! Yusuf ɗin ma ba Annabi Yusuf ba ne, sunan yankan Salahuddin ne.

A kan tudun ne masallacin Muhammadu Ali yake, wanda aka fara a 1830. A farfajiyarsa akwai agogon da Sarkin Faransa ya aiko kyauta. Masar ta ba Faransa dogon dutsen Fir'aunoni mai mita 23, wanda ke tsaye a tsakiyar Paris har gobe. Tukuicin da ta samu? Agogon da ya yi sama da shekara 100 ba ya tafiya! Wa aka cuta?

Mu gangara Ƙofar Zuwaila, ginin 1092. Hasumiyoyi biyun da ke kanta na masallacin Mu'ayyad ne da ke gefe. Da can kurkuku ne a wurin. An tsare Mu'ayyad a ciki, ƙuma da ƙwarƙwata suka hana shi barci, ya yi alwashin in ya samu mulki sai ya mai da gidan masallaci. Ya samu, ya rushe, ya gina daga 1415. Ƙyauren tagullar da ya kafa kuwa daga masallacin Sarki Hasan ya ciro shi! Yau mai ƙarfin gwiwa na iya sayen tikiti ya hau hasumiyoyin.

A wannan ƙofar aka rataye Tumanbai, sarkin daular Mamluk na ƙarshe, a 1517. An ce sau biyu igiya tana tsinkewa. Daga baya masu ciwon haƙori suka riƙa maƙala haƙori a jikin ƙyauren, masu ciwon kai su ɗaura gashi ko tsumma, wai neman sauƙi.

In ƙafa ta gaji, kasuwar Khan Khalili na nan tun wajen 1382. A wani matsattsen lungunta akwai gidan shayin Fishawi, mai sama da shekara 200. Manyan madubai a bango, ƙananan tebura, shayi da na'ana'a a ɗan kofin gilashi, mai talla na gogar kafaɗarka yana wucewa. Marubuci Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya sha zama a nan.

Kafin ku biya kuɗin shayin, ku duba takardar da ke hannunku. Fam 5, masallacin Ibn Tulun ne a jiki. Fam 20, na Muhammadu Ali. Fam 100, na Sarki Hasan. Ku juya bayanta, sai ga kayan Fir'aunoni! In kuna da ɗan'uwa da ke karatu a Azhar, ku ce ya zaro kuɗi daga aljihu ya faɗa muku sunan masallacin da ke kai. Mu ga ko zai ci!