Zaɓen Mai Gadi Domin Tsohuwar Kwamfuta

Yawancin kwamfutocin da ke makarantu irin tamu ba sababbi ba ne. Waɗansu kyauta ce daga tsofaffin ɗalibai, waɗansu kuwa na hannu ne da aka sayo a kasuwa bayan sun gama aikinsu a wani ofis a Turai ko Amurka. Haka yake a ofishin ikkilisiya, haka kuma a gidajen malamai da yawa. Irin wannan kwamfuta idan ka kunna ta, kana iya zuwa ka ɗebo ruwa ka dawo ba ta gama farkawa ba. Saboda haka tambayar da ake yawan yi mini ita ce, "Malam, wane antibairos zan saka mata wanda ba zai ƙara mata nauyi ba?"

Bari in fara da abin da ya taɓa faruwa a gabana. Wata shekara, ana saura kwana huɗu a fara jarrabawar ƙarshen zango, wani abokin aikina ya kai filas ɗinsa shagon buga takardu a cikin gari. Da ya dawo ya saka shi a kwamfutar ofis, sai ya ga dukan tambayoyin da ya yi mako biyu yana bugawa sun ɓace. Sunayensu kaɗai suka rage, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Ya danna ɗaya, ya danna biyu, ba abin da ya buɗe, ashe kowace dannawa cutar yake ƙara shigarwa cikin kwamfutar. Abin mamaki shi ne, kwamfutar nan tana da antibairos har guda biyu. Dukansu wa'adinsu ya ƙare tun tuni, suna nan dai suna cin ƙarfin na'urar a banza.

Bairos ba ƙwayar cuta ba ce irin ta asibiti. Ƙaramar manhaja ce da wani mutum ya zauna ya rubuta domin ta riƙa kwafin kanta daga wannan na'ura zuwa waccan. Wanda aka fi sani a matsayin na farko a kan kwamfutocin IBM da ire-irensu shi ne Brain, wanda waɗansu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahore na Fakistan a 1986. A kan faifan fulofi yake yawo, daga hannu zuwa hannu. Fulofi ya shuɗe, amma hanyar tana nan, gama filas ya gaje shi.

To, me ya sa mai gadi yakan gajiyar da gidan da yake tsaro? Antibairos yana riƙe da dogon jerin alamun miyagun manhajoji da aka riga aka sani. Duk sa'ad da ka buɗe fayil, ko ka kwafe shi, ko ka sauko da shi daga intanet, sai ya tsai da shi a bakin ƙofa, ya gwada shi da jerin nan, sa'an nan ya bari ya wuce. Yana kuma lura da halin kowace manhaja da ke aiki, ko za ta yi abin da bai dace ba. Wannan duka yana bukatar abu uku: furosesa mai yin lissafi, da RAM, wato teburin da kwamfuta take shimfiɗa aikin da ke hannunta, da faifan ajiya inda fayiloli suke kwance. Sabuwar kwamfuta ba ta jin wannan kaya. Amma wadda take da RAM gigabayit 2 kawai, teburinta ya riga ya cika da Windows kansa. Idan tebur ya cika, sai kwamfuta ta riƙa sauke kaya a kan faifan ajiya tana sake ɗaukowa. Tsohon faifai kuwa ƙarfe ne mai juyawa, a yawancin kwamfutocin cinya sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai kai da kawowa yana neman inda aka ajiye kowane abu. Nan ne yawancin jinkirin yake. Idan ka ga 'yar fitilar faifan tana ci ba ƙyaftawa, ka kuma ji ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa, abin da ke faruwa ke nan.

Saboda haka kafin ka tambayi sunan antibairos, ka fara sanin na'urarka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna maka yawan RAM ɗinka da abin da ke cinye shi. Sa'an nan ka duba wane Windows ne a ciki, gama amsar tambayar ta rataya a kansa.

Idan Windows 10 ne ko 11, kana da mai gadi tun daga gida, sunansa Microsoft Defender. Tun daga Windows 8 a 2012 kamfanin ya gina shi a cikin Windows. A shekarunsa na fari an raina shi, da dalili kuwa, amma ya gyaru ƙwarai. Ba a biyan ko kwabo, wa'adinsa ba ya ƙarewa, ba ya kuma damun mutum da talla. A ganina, ga kwamfutar makaranta ko ta ofis da ake buga takardu da ita, shi ne zaɓi na fari. Aibinsa shi ne wani lokaci yakan kama faifai yana bincike daidai sa'ad da kake cikin aiki. A Task Manager za ka gan shi da sunan Antimalware Service Executable. Maganin wannan shi ne a bar shi ya yi gajeren bincike kullum, a ajiye cikakken bincike sai ranar da ba kowa a ɗakin kuma akwai wuta, kamar Asabar da rana.

Sai dai akwai magana a kan Windows 10. Microsoft ya daina ba shi gyare-gyaren tsaro na kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ya buɗe wani shiri na ƙarin lokaci ga masu amfani a gida wanda iyakarsa 13 ga Oktoba, 2026. Windows 11 kuwa yana bukatar RAM gigabayit 4, da wurin ajiya gigabayit 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin na'urori ba su da shi. Windows 7 an daina kula da shi tun 14 ga Janairu, 2020, Windows XP kuwa tun 8 ga Afrilu, 2014.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Antibairos mai gadi ne, amma gyaran Windows shi ne toshe ramukan katanga. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150. Takan kulle fayilolin mutum, ta ce sai ya biya dala 300 kafin a buɗe masa. A Ingila asibitocin gwamnati da dama sun soke ganin marasa lafiya saboda kwamfutocinsu sun tsaya. Ramin da ta bi kuwa, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe shi tun watan Maris na wannan shekara. Mafi yawan na'urorin da ta kama masu Windows 7 ne waɗanda ba a saka musu gyaran ba. A lokacin akwai gyara, sakaci ne ya hana. Yanzu ga mai Windows 7 gyaran ma babu. Shawarata ga duk mai irin wannan na'ura ita ce ya raba ta da intanet ɗungum, ya bar ta ga koyon bugu da rubuta takardu. Kada a shiga asusun banki da ita, kada kuma a yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa a kanta.

Wanda ya ga lalle yana son wani antibairos dabam, to, ya yi hattara da tallar da kamfani yake yi wa kansa, gama kowanne yana cewa nasa ne ya fi sauƙi. Akwai wurare biyu masu zaman kansu da suke gwada waɗannan manhajoji, AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. Sukan auna yawan miyagun manhajojin da kowanne ya kama, su kuma auna jinkirin da yake jawowa wajen kwafin fayil da buɗe manhaja. Sakamakon yana shafinsu na intanet kyauta. Duba na baya-bayan nan, domin wanda ya yi fice bara yana iya yin nauyi bana. ESET na ƙasar Sulobakiya ya daɗe da suna wajen rashin nauyi, amma na kuɗi ne, ana sabunta biya. Bitdefender na Romaniya da Avast da AVG da Avira suna da na kyauta.

Na kyautar nan sai an yi tunani, gama banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawansu sukan zo da rakiya: mai share shara, mai ƙara sauri, mai tsaron burauza, da allon talla mai faɗowa kowace safiya yana cewa kwamfutarka tana cikin haɗari sai ka biya. Kowanne daga cikin waɗannan yana cin nasa rabon RAM. Wurin sakawa, kada ka yi ta danna na gaba ido rufe. Zaɓi hanyar da take barin ka ka cire abin da ba ka so, ka bar mai binciken fayil da na intanet kawai. Akwai kuma wani farashi da ba a gani. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa Avast ya biya dala miliyan 16.5, bisa zargin ya sayar da bayanan shafukan da mutane suke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, wanda aka rufe a 2020. A sani kuma, Avast da AVG da Avira da Norton duk sun koma ƙarƙashin kamfani ɗaya, Gen Digital, tun 2022. Wanda ya bar Avast ya koma AVG bai yi nisa ba.

Wani abin lura ya shafe mu musamman. Yawancin antibairos da ake yabo da sauƙi, sun yi sauƙi ne domin sun mai da babban aikin ga manyan kwamfutocin kamfaninsu. Idan suka ga fayil da ba su sani ba, sai su tambaya ta intanet. Wannan dabara ce mai kyau a inda intanet ba ya yankewa. A ɗakin da sai an ɗaura waya a jiki an sayi data kafin a shiga, ƙarfinsu yakan ragu da yawa. Kowane iri ka zaɓa, ka ware masa rana ɗaya a mako ka haɗa shi da intanet ya karɓi sabon jerin alamu. Wanda ya yi wata shida bai sabunta ba, ɓarayin bara kaɗai ya sani.

Doka guda ba ta da togiya: kada masu gadi biyu su tsaya a ƙofa ɗaya. Idan antibairos biyu suna binciken kowane fayil a lokaci guda, aikin ya ninka, wani lokaci ma ɗaya yakan ɗauki ɗayan a matsayin ɓarawo. Defender ya san wannan, shi ya sa yakan janye da kansa idan aka saka wani. Kwamfutocin hannu kuwa sau da yawa sukan zo da ragowar na gwaji na kwana 30 wanda ya mutu shekaru da suka wuce. Cire shi sarai. Manyan kamfanonin suna da 'yar manhajar cirewa a shafinsu domin kwashe abin da ya maƙale. Abin da aka yarda a ajiye a gefe shi ne irin wanda ba ya aiki sai an kira shi, kamar Malwarebytes na kyauta. Smadav na Indunusiya, wanda ya cika shagunan buga takardu a ƙasar nan, an yi shi ne domin filas, masu shi ma ƙarin tsaro suke kiransa. Kada a dogara gare shi shi kaɗai. Antibairos na sata kuwa, wanda ake cewa an fasa makullinsa, sau da yawa shi ne yake shigo da cutar.

Yaya za ka san mai gadinka ba barci yake yi ba? Akwai wani ɗan fayil na gwaji mai suna EICAR, haruffa 68 ne kawai, ba ya cutar da kome, amma kamfanonin sun yarda su ɗauke shi kamar bairos. Sauko da shi daga shafin EICAR. Idan antibairos ya yi tsalle ya kama shi, yana aiki. Idan ya yi shiru, akwai matsala.

Idan bayan wannan duka na'urar tana jan ƙafa, laifin ba na antibairos ba ne. Kuɗin da za a kashe a kan lasisin shekara gara a sayi faifan SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, a ƙara RAM ya kai gigabayit 4 ko 8 idan na'urar za ta ɗauka. Na ga kwamfutar da aka fid da rai da ita ta tashi cikin rabin minti bayan wannan canji. Wadda ba za ta iya Windows na zamani ba, ana iya saka mata Linux marar nauyi kamar Lubuntu ko Linux Mint. Kyauta ne, yana samun gyara, LibreOffice da ke cikinsa yana buɗe takardun Word da Excel, bairos ɗin filas na Windows kuma ba ya tashi a kansa.

Tambayoyin abokin aikina kuwa ba su ɓace ba. Irin wannan bairos ɓoye fayiloli yake yi, ya ajiye na ƙarya masu kibiya a madadinsu. Muka kai filas ɗin wata kwamfuta mai sabon jerin alamu, muka bincike shi ba tare da buɗe kome a ciki ba, aka kashe cutar. Sa'an nan muka buɗe Command Prompt muka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* domin harafin filas ɗin E ne, kowa sai ya sa harafin nasa. Fayilolin suka bayyana duka, muka share masu kibiyar. Kwamfutar ofis ce ta ci mana yini guda, gama sai da muka cire matattun antibairos biyun nan kafin Defender ya samu ya share ta. Tun daga ranar aka ware filas ɗaya domin zuwa shago, aka ɗaura masa jan zare, ba a ajiye kome a cikinsa sai kwafin abin da za a buga a ranar.