Kilo 15 kacal: Yadda ake haɗa kayan fatsar teku zuwa tsibirin Alphonse

Matafiyin da ya tashi daga Abuja zuwa Seychelles ta Addis Ababa ko Doha yakan tafi da manyan akwatuna biyu ba tare da fargaba ba. Amma da zarar ya sauka a Mahe, babban tsibirin ƙasar, lissafi ya sauya. Ƙaramin jirgin da zai kai shi Alphonse, kimanin kilomita 400 kudu maso yamma cikin Tekun Indiya, kilo 15 yake karɓa a jakar kaya, sai kilo 5 na hannu, kuma ana son jakar ta zama mai laushi. A cikin wannan ɗan ma'auni ne sandunan fatsa, zare, takalma, tufafi da magunguna na mako guda za su shiga.

Ga hadimin da aka ɗora wa shirya tafiyar maigidansa, ko ma'aikacin da ya daɗe yana tanadi don hutunsa na shekara, a nan ne aikin yake. Jirgin Alphonse ba kullum yake tashi ba, kuma jakar da ta maƙale a wani filin jirgi tana iya isowa bayan rabin makon ya wuce, alhali an riga an biya kuɗinsa da dala.

Fatsar da ake zuwa yi a can ta bambanta da wadda aka saba gani a bakin kogi. Babu tana, babu dalma. Koton na ƙarya ne, ana ɗaura shi a jikin ƙugiya da gashin tsuntsu da zaren roba, ya yi kama da jatan lande ko ƙaguwa ko ɗan kifi. Tun da ba shi da nauyi, zaren ne ake yi mai kauri da nauyi, shi ke ɗaukar koton ya kai shi nesa. Masuncin yana tafe a ƙasa cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, a filayen yashi da murjani na St François da ke kusa da Alphonse, sai ya hangi kifi da idonsa sannan ya jefa. Duk kifin da aka kama a kan mayar da shi ruwa da ransa. Lokacin kamun yakan faro daga wajen Oktoba zuwa Mayu, bayan iskar kudu maso gabas ta lafa.

Takardu kafin jaka

Abin da ya fi komai muhimmanci ba ya da nauyin ko rabin kilo. A watan Yulin 2023 gwamnatin Seychelles ta taƙaita shigar masu fasfon Najeriya, in ban da masu fasfon difilomasiyya da masu izinin aiki ko na zama. Ƙasar kuma tana buƙatar kowane baƙo ya nemi izinin tafiya ta intanet kafin ya hau jirgi. Saboda haka hadimi mai hangen nesa yakan tabbatar da matsayin fasfon matafiyin a rubuce kafin a biya ko kwabo na kafin alƙalami. Haka nan ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara daga duk wanda ya fito daga Najeriya. Allurar tana fara aiki a hukumance bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Sai inshorar da za ta biya kuɗin ɗauko mara lafiya da jirgi, domin babban asibiti yana Mahe.

Sanda uku, kifi iri-iri

Sandunan wannan fatsa suna da lamba, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙarfin sandar. Tsawonsu ƙafa 9 ne, amma suna rabuwa gida huɗu, su shige cikin bututun da bai kai mita ɗaya ba.

Lamba 8 ko 9 ita ce ta kifin da Turawa ke kira bonefish, fari mai ƙyalli, wanda ba shi da girma sosai amma yakan fizge zare mai tsawo cikin ƙiftawar ido. Lamba 10 ta dace da triggerfish, mai haƙoran da ke tauna murjani har su lanƙwasa ƙugiya, da kuma milkfish, mai cin gansakuka, wanda a wannan yanki ne jagorori suka yi suna wajen kama shi da koto mai kama da abincinsa. Lamba 12 kuwa ta giant trevally ce, ƙaton kifin da yakan haura kilo 40, wanda saboda shi ne mutane da yawa ke tsallaka rabin duniya.

Kowace sanda tana da kwarkwaronta na naɗe zare. A ruwan gishiri mutane da yawa kan zaɓi kwarkwaro mai rufaffen birki, domin yashi da gishiri kan shiga cikin buɗaɗɗe. Na babbar sandar yakan ɗauki zaren ajiya na kusan mita 300 a ƙarƙashin zaren jifa. Shi ma zaren jifan sai wanda aka ƙera don ƙasashe masu zafi. Na ƙasashen sanyi yakan yi laushi ya riƙa cukurkuɗewa a rana. Masu gogewa kan saka zare na biyu don lamba 12, tun da babban kifi yakan ruga ya goga zare a kaifin murjani ya tsinke shi. Ƙugiyoyi kuma a danne ƙayarsu da filaya tun daga gida, don a saki kifi da sauƙi, a kuma zare ta da sauƙi in iska ta maka ta a kunnen mutum.

Abin da ba a iya aro

Masaukin Alphonse yana samar da sanduna, yana kuma sayar da koton da jagororinsa suka yarda da shi. Wannan ya sa wanda kayansa suka yi nauyi zai iya rage akwatunan koto, ko ma ya bar sanda ɗaya a gida. Abubuwan da suka shafi jikin mutum ne ba su da madadi.

Na farko takalmi. Ana yini ana taka murjani mai kaifi, a wurin da akwai kifi mai dafi a wutsiya da dodon-koɗi mai harbi. Ana buƙatar takalmi mai tauri da ya rufe idon sawu, wanda aka riga aka yi tafiya da shi ya saba da ƙafa, tare da safa mai hana yashi shiga. Sabon takalmi yakan sale ƙafa a rana ta farko, ruwan gishiri kuma ba ya barin ciwo ya warke.

Na biyu tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. In babu shi, masunci ba ya ganin kifin da jagora ke nuna masa. A kan tafi da guda biyu, mai ruwan jan ƙarfe don rana mai haske da mai ruwan ɗorawa don ranar gajimare. Wanda likita ya rubuta wa tabarau sai ya sa a yi masa irin wannan tun da wuri. Sai riguna masu dogon hannu da ke saurin bushewa, hula, mayafin wuya, safar hannu, man kare fata da rigar ruwa mara nauyi. Kaya uku sun isa, domin ana wanki a masaukin. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙe maganin da ya zarce kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa na asali.

Rabon kaya tsakanin jaka biyu

Ƙa'idar da masu zuwa a kai a kai ke bi ita ce: a haɗa jakar hannu tamkar babbar jakar ba za ta iso ba. Magani, tabarau, takardu, kaya guda na canji da kwarkwaro mafi tsada su shiga nan. Batiran litiyom da na'urar cajin waya ma a hannu dokar jiragen sama ta ce a riƙe su. Takalmin kuwa, wanda shi kaɗai yakan cinye fiye da kilo guda, a ƙafa ake shiga jirgi da shi.

Ƙugiyoyi, filaya, almakashi da duk wani ruwa da ya wuce mililita 100 su tafi babbar jaka. Jami'an tsaro a wasu filayen jirgi kan hana shiga da zare ko bututun sanda, don haka ana tambayar kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya. In mutum biyu ne, sai su raba sandunansu tsakanin jakunkunan juna, ta yadda ɓatan jaka ɗaya ba zai zaunar da kowa ba.

Hikima ce kuma a kwana ɗaya a Mahe kafin jirgin Alphonse. Wannan daren yakan bai wa jakar da ta makara damar cim ma mai ita, kuma a otal ɗin ne ake barin babban akwati da kayan dawowa. Kafin nan, tun a Abuja, ƙaramin sikelin rataye zai faɗa wa hadimi gaskiyar da ma'aikacin filin jirgi zai faɗa masa daga baya, a lokacin da babu sauran damar zaɓen abin da za a bari.