Ƙuna da maganin da ake ɗurawa cikin ƙwayar maiƙo

Daga nan Guri nake magana, kuma yau zancen ƙuna za mu yi.

Babu ɗan Jigawa da ya manta daren 15 ga Oktoban 2024, lokacin da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura. Sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka ƙone aka kwashe su zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Tun lokacin na duƙufa karanta abin nan. Mu nan ma ai ba sai tanka ba, ga masu bandar kifi, ga kaskon wuta da hunturu, ga yara a bakin murhu.

To me ya sa ƙuna ke da wuyar magani? Fata ita ce katangar jiki. In ta ƙone, ruwan jiki ya yi ta tsiyaya, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Kuma inda ƙunar ta yi zurfi hanyoyin jini sun mutu, maganin da aka sha ko aka yi allurarsa ba ya isa wurin sosai.

Wannan matsalar ce ta sa masana suka waiwayi lifosom. Wato wani mitsitsin kumfa ne na maiƙo wanda ido ba ya gani, bangonsa irin na ƙwayoyin halittar jikinmu, cikinsa kuma ruwa. Alec Bangham ne ya gano shi a Ingila a shekarun 1960. Ana ɗura magani a cikinsa a shafa a kan ciwon, sai ya riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan, ciwon kuma bai bushe ƙamas ba. A Jamus an samar da Repithel, aidin ne a cikin lifosom, an gwada shi a kan masu ƙuna da waɗanda aka yi wa dashen fata. Amma gaskiya yawancin sauran har yanzu a kan dabbobi ake gwajinsu, kuma babbar ƙuna sai da ƙarin ruwa da tiyata.

Daga waken suya ko gwaiduwar ƙwai ake tace maiƙon. Don Allah kada wani ya ce na ce a fasa ƙwai a kan ƙuna! Ba ƙwai, ba makilin, ba baƙin mai, ba ƙanƙara. Ruwa mai sanyi, mai tsabta, a yi ta kwararawa minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. In ta fi faɗin tafin hannu, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko yaro ne ƙarami, a nufi asibiti nan take.