Shin Mutum-mutumi Zai Iya Rainon Yaro?

Yau zancen mutum-mutumi zan yi, wato robot, amma irin wanda ake ƙerawa don ya zama abokin hirar yara ko ya taya iyaye raino. Na san wani zai ce, mu da ke fama da tsaro a Sabon Birni da Isa ina ruwanmu da wannan? Ku yi haƙuri ku biyo ni, zancen ya shafe mu fiye da yadda kuke zato.

Da farko dai abin ba almara ba ne. Akwai NAO, wani ɗan mutum-mutumi da aka ƙera a Faransa, tsawonsa bai wuce santimita 58 ba. Ana amfani da shi wajen koyar da yara masu lalurar galahanga yadda ake gaisuwa da kallon fuskar mai magana, saboda shi ba ya gajiya da maimaita abu, ba ya tsawa. A Japan akwai Paro, mai kama da jaririyar dabbar ruwa mai laushin gashi, in ka shafa shi ya motsa ya yi ɗan kuka. Bayan ambaliyar tsunami ta 2011 an kai shi gidajen tsofaffi don ya ɗebe musu kewa. Ko a Najeriya, a 2022 kamfanin Uniccon na Abuja ya fito da wata mutum-mutumi mai suna Omeife. To kun ga amfani dai akwai shi.

Amma ga labarin da nake so ku riƙe. A 2020 wani kamfanin Amurka mai suna Embodied ya fito da Moxie, abokin yara 'yan shekara 5 zuwa 10. Yana hira, yana wasa, yana tambayar yaro yadda ya wuni. Daga baya ana sayar da shi dala 799. A ƙarshen 2024 kuɗi ya yanke wa kamfanin, ya sanar zai rufe. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar Moxie ba a jikinsa take ba, tana can a kwamfutocin kamfani, ta intanet yake samun abin faɗa. Sai ga iyaye suna neman kalmomin da za su gaya wa yaransu cewa abokinsu zai daina magana.

Yanzu ku dawo gida. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Mutane sun riƙa neman sabis ɗin Nijar ko su yi doguwar tafiya kafin su kira ɗan'uwa. Da a ce yaro a Gatawa ya shaƙu da irin Moxie, ranar da aka kashe sabis ranar zai rasa aboki. Abokin da rayuwarsa ta rataya a kan data da caji da aljihun wani kamfani, ai ba abin dogaro ba ne.

Kuma ko da sabis bai taɓa ɗaukewa ba, akwai abin da inji bai iya bayarwa. A shekarun 1950 wani masani a Amurka, Harry Harlow, ya raba jariran birai da uwayensu, ya ba su uwar bogi guda biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da madara, ɗaya an lulluɓe ta da tsumma mai laushi. Biran suka maƙale wa ta tsumman, sai yunwa ta kama su suke zuwa wajen ta wayar. Amma da suka girma ba su iya zama da 'yan'uwansu birai yadda ya kamata ba. Laushi ya kwantar musu da hankali, amma bai rene su ba. Ƙwaƙwalwar jariri tana ginuwa ne da amsawa, ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi kuka a gane na yunwa ne ko na tsoro, a goya shi ya ji ɗumin baya.

A ƙasar Gobir dama muna da tsarin raino tun kaka da kakanni. In uwa na daka, yayarsa ta goya shi. In an yaye shi a kai shi wajen kaka. Gwaggo na nan, inna na nan, maƙwabciya ma tana da ikon tsawatarwa. Da dare a yi tatsuniya a tsakar gida. Wannan tsarin ne rashin tsaro yake wargazawa. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, wajajen Gidan Rumji, mafi yawansu mata da yara. Yaro ya rasa uba, kaka tana wani gari, uwa ta fita neman abin da za a ci. To wa ke amsa masa?

A gidaje da yawa, ko a birni, amsar ita ce waya. Ita ce mutum-mutumin da tuni ya shigo ɗakunanmu. Yaro ya yi rigima, a miƙa masa YouTube ya yi shiru. Alhali tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a bar yaron da bai kai shekara 2 ba yana kallon allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Ni ba na cewa a guji fasaha. In an samu na'urar da za ta koya wa yaro karatu da Hausa a sansanin gudun hijira, madalla, amma babba ya zauna kusa da shi. Aikin da ya fi gaggawa namu ne, ni da ku. In akwai maraya ko ɗan gudun hijira a unguwarku, ku san sunansa, ku tambaye shi ya makaranta, ku zauna ku saurari shirmensa ko na minti goma ne. Ƙaninka in ya zo yana maka surutu, ajiye wayar ka amsa masa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.