Ko Kun Sani? Yadda Rufe Suez Ya Bunƙasa Manyan Jiragen Dakon Mai

Yaƙin 1967 tsakanin Larabawa da Isra'ila ya sa aka rufe Mashigin Suez har zuwa 1975. Dole jiragen ɗanyen mai da ke tasowa daga Tekun Fasha zuwa Turai suka riƙa zagayawa ta kudancin Afirka. Tafiya ta yi nisa, jirage suka yi ƙaranci, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabi. Sai kamfanoni suka duƙufa wajen ƙera manya-manyan jirage, domin lodi mai yawa a tafiya guda yana rage kuɗin dakon kowace ganga. Irin wannan jirgi a yau yakan ɗauki ganga miliyan 2, tsawonsa kusan mita 330. Idan ya cika maƙil, ba ya iya ratsa Suez.